Bindigar da Kakana Ya Yi wa Tsaga

Babana ya fi rabin rayuwarsa yana kula da wata gonar dabino a Al-Awali, a gefen Madina. Shi ne mai ban ruwa, shi ne mai gadi, shi ke hawa ya yi wa itatuwa barbara in lokaci ya yi. A Madina aka haife shi, amma har ya koma ga Allah da iƙama yake yawo, takardar zaman baƙi, kuma mai gonar ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wurin hukuma. Ɗakinsa na laka yana jikin katangar gonar. A ƙarƙashin gadonsa akwai wata tsohuwar bindiga, naɗe cikin bargon soja.

Ta kakana ce. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ya zauna a Madina tun Turkawa na mulki. Da yaƙi ya zo aka kewaye garin, aka kwashe mutane aka yi arewa da su, shi bai tafi ba, domin yana ɗebo wa sojojin Turkawa ruwa. Da yunwa da ciwo suka rage su, sai suka miƙa masa bindiga shi ma, ya tsaya gadin ganuwa. Bayan sun miƙa wuya sun tafi, ya binne ta, ya tono ta da ƙura ta lafa. Ba ta da harsashi ko ɗaya. Baba ya ce rabon da ta yi ƙara tun kafin a haife shi.

Ni ina aure a unguwar Harra ta Gabas, nakan je wurinsa ranar Juma'a da tuwo. Da idonsa ya fara yana, sai aikin shafa wa bindigar mai ya dawo hannuna. Ina gogewa yana laluba ƙarfen da yatsa.

"Uwata, kin ga wannan rubutu mai kama da igiya a murɗe? Sa hannun Sultan ne, sarkin Turkawa. Ga jinjirin wata da tauraro. Duk wadda ba ta da su, ba ta rundunarsu ba ce."

Yana alfahari da ita, kuma bai iya ɓoye abin da yake alfahari da shi ba. Tsohon mai gonar ya san da ita, sukan zauna a inuwa su sha gahawa, ya juya ta ya mayar. Da tsohon ya rasu, gonar ta koma hannun ɗansa, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da sha'awar tara kayan da: takubba, tulunan gahawa, tsofaffin bindigogi. A ziyararsa ta farko Baba da kansa ya ba shi labarin.

Juma'ar da ta biyo baya ina can ya zo, tare da wani dattijo Bashame, mutumin ƙasar Sham, mai sayar da irin waɗannan kaya. Na shige bayan labule, ina gani ta gefe.

Dattijon ya san aikinsa, ba zan hana shi wannan ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya fito da gilashi mai ƙara girman abu. Ya daɗe a kan sa hannun Sultan, ya ce bugun masana'anta ne, domin na jabu da guduma da kurfi ake sassaƙa shi, gefensa kan yi kaushi. Ya karanta rubutun da ke gefen ƙarfen, ya ce a Jamus aka ƙera ta musamman don Turkawa. Ya zare sakatar ya duba lambar da ke jikinta, ya gwada da ta jikin bindigar, ya gwada da ta ma'aunin saiti. Duk ɗaya.

"Wannan ba a cika samu ba," ya ce da Larabci. "Yawancinsu an haɗa su ne daga gawarwakin wasu. Wannan tun da ta fito ba a raba ta da komai nata ba. Wa ya riƙe ta haka?"

Baba ya gyara zama. "Ni, da ubana kafin ni. Yanzu kuma 'yata."

Sai dattijon ya juya gindin bindigar, ya ɓata fuska. A jikin katakon akwai tsaga uku dogaye da ɗaya a gicce.

"Wannan fa? Ba alamar runduna ba ce. Wani ne ya ɓata ta da wuƙa."

"Tsagar fuskar ubana ce," in ji Baba. "Bai iya rubutu ba. Ya yi ne don kada ta ɓace cikin na sauran."

Ɗan mai gonar ya yi murmushi. Dattijon ya ce abin takaici ne, amma kafinta mai hannu zai iya gyarawa.

Wannan kuwa 'yan watanni ne bayan da 'yan bindiga suka mamaye Haramin Makka, a farkon sabon ƙarnin Hijira. Ko'ina ana bincike, maganar makami ba a yinta da ƙarfi. Da suka gama shan shayi, ɗan mai gonar ya dafa gwiwar Baba.

"Ya ammi," ya ce, wato baffana, "ka san halin da ake ciki. Baƙo da bindigar soja a ɗakinsa, kuma a gonata. In wani ya kai magana, ba zan iya tare maka ba. Da kai da 'ya'yanka sai a sa ku a jirgi. Bari in ajiye maka ita a wurina, ni ina da izini."

Murya a tausashe ya faɗa. Na tsaya ina jiran in ji Baba ya ce a'a. Can ya ce, "Baƙo?"

"Ka gane abin da nake nufi, ya ammi. A takarda."

Baba ya naɗe ta da hannunsa. Ya nemi a bar masa bargon, sai aka ce ai bargon ma na lokacin ne, gara su tafi tare. Da motarsu ta fita na fito daga bayan labule.

"Baba, me ya sa? Wa zai kai magana in ba shi ba?"

"To ai shi ne," ya ce. "Ki zuba mini tuwon."

Bai ci ba. Washegari aka aiko masa da buhun shinkafa da rago. Ya sa aka kai wa wasu 'yan Chadi masu aiki a gonar maƙwabta, ko kallon ragon bai yi ba.

Ƙanena yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Bayan kamar shekara aka kira shi aiki gidan ɗan mai gonar a unguwar Al-Sih, ya shiga majalisarsa, inda yake karɓar baƙi. Da ya dawo ya same ni a kicin. Ni Hausa nake masa, shi da Larabci yake amsawa, haka muka saba.

"Na gan ta. Tana bango, cikin gilashi."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Tana ƙyalli. An kankare gindin, an shafa masa mai, ba ko alamar tsagar." Ya ƙara da cewa, "Akwai baƙi. Na ji yana gaya musu kakansa ne ya ƙwace ta a hannun wani hafsan Turkawa."

"Kai kuma ka ce me?"

"Me zan ce? Ina kan tsani da sukurdireba a hannu. Halas, magana ta ƙare, Yaya. Ƙarfe ne."

Na roƙe shi kada ya gaya wa Baba, ya kuwa riƙe. Amma Baba ya ci gaba da tambaya. Duk lokacin da ɗan mai gonar ya leƙo, sai ya ce, "Ana shafa mata mai kuwa?" Shi kuma ya ce ana yi, in abubuwa sun lafa zai dawo da ita. Abubuwa suka lafa. Idon Baba ya rufe gaba ɗaya, aka kawo wani ɗan Pakistan ya karɓi gonar, muka ɗauko Baba zuwa Harra. A ɗakin 'ya'yana ya ƙarasa kwanakinsa.

Ranar ta'aziyya ɗan mai gonar ya zo, ya zauna cikin maza, an ce har ya yi hawaye, ya ce Baba kamar uba yake a wurinsa. Na aika mijina ya tambaye shi maganar ajiyar. Ya dubi mijina da mamaki, ya ce wace ajiya, ai marigayi kyauta ya ba shi, a gaban shaida. Mijina ya dawo ya ce in bar maganar, shi ma iƙamarsa saura kaɗan ta ƙare. Na bari. Na koma cikin mata na ci gaba da karɓar gaisuwa.