Ganuwa Daga Ciki

Mai Hatimi ake ce masa, don da sassaƙa wa ofisoshi hatimi yake ci da iyalinsa. Amma hankalinsa yana kan wani allon katako da ya shekara bakwai yana sassaƙawa, hoton garin da mayaƙa suka yi wa ƙawanya. In ya gama zai shafa masa tawada, ya danna takarda, hoton ya fito, jikokinsa su ga abin da aka sha.

Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya yanki katako sau biyu, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo ya tsaya gaban tsofaffin hotunan da ya manna a bango: tsani jingine da ganuwa, hayaƙi, tutoci, mutane na rikitowa ƙasa. Daga nan yake kwaikwayo. Matarsa ta ce ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi shi natsuwa. Gaskiya ta faɗa, ga shi idonsa ya fara hazo, yana tsoron kada ya daina gani bai gama ba.

Ran da ya rage saura tuta ɗaya, yayarsa ta biyo ta shagon. Ta daɗe tana duban allon.

"Wane gari ne wannan?"

"Namu mana, Yaya. Shekarar da aka tsare mu."

"To kai a ina ka tsaya ka hango shi haka? Wata biyar muna ciki, kana goye a bayana. Ni dai ban ga tsani ba, ban ga tuta ba. Layin rijiya na gani, da Inna tana kankare gindin tukunya."

Kunya ta kama shi, har da haushi. Shekara bakwai yana zana garinsu daga inda maƙiya suka tsaya, kuma abin da wuƙa ta cire daga katako ba ya komawa. Ya zagaya teburin sau biyu, ya ɗauki wuƙa, ya ajiye. Can ya kife allon, bayansa sumul ba ko ƙwarzane, ya miƙa mata fensir.

"Ki nuna mini, Yaya. Fara da ƙofar ɗakinmu."

Ta karɓi fensirin, ta dubi bayan allon.

"Wace ƙofa?" ta ce a hankali. "Ai ita muka fara yin girki da ita."