Yanyawar da Aka Yi wa Fiɗar Layya

Ɗan ƙanwata direba ne a Abhur, a gidan wani attajiri wanda shi ne kafilinsa, mai tsaya masa kan takardar zama a ƙasar. A nan Jidda aka haife shi, gemunsa har ya soma furfura, amma ban taɓa jin an ambaci wata sana'a ya ce bai iya ba. A lokacin muna zaune tare a Aziziyya: shi da matarsa da 'ya'yansu a ɗaki guda, ni da shimfiɗata a falo.

Kafilin nan yana da gona a bayan gari, akwai barewa da tsuntsaye, akwai gidan mai kula da ita, ɗakuna uku da tsakar gida. Yana neman wanda zai riƙe masa. Matar ɗan ƙanwata tun da ta ji labarin tsakar gidan nan, shi ne roƙonta bayan kowace salla.

Wata rana da hantsi suna tafe shi da kafilin, suka ga yanyawa a gefen titi, mota ta buge ta. Shi kafilin zaurensa cike yake da matattun dabbobi da aka cusa wa auduga aka tsayar kamar masu rai, abin da suke kira tahniɗi. Ya ce kash, da akwai wanda ya iya. Ɗan ƙanwata ya taka birki, ya ce ai su mutanen Kano majema ne tun kakanni. Kanon da bai taɓa gani ba sai a waya, kakan nasa kuwa ɗinkin hula ya yi har Allah ya karɓi abinsa. Kafili ya ce in ya tsayar masa da ita, gona ta zama tasa.

Bayan la'asar ya hau da ita saman bene, ya leƙo ya kira ni.

"Kawu, yalla, zo ka riƙe mini ƙafa."

Na ce, "Mushe zan riƙe da alwalata? Tun muna ƙanana aka karanta mana, aka fassara a gefen takarda, cewa fatar mushe ko an jeme ta ba a salla a kanta."

"Wa ya ce salla za a yi a kanta, ya Kawu? Ado ne."

Na hau dai, na zauna nesa inda iska ba za ta kawo mini ba. Ya jingina wayarsa da tankin ruwa, wani Bature yana bayani a ciki, shi kuma yana maimaita mini kamar shi ya koya wa Baturen. A tsaga ciki kaɗan, a zare fata kamar safa. A bi kunne da leɓe da fatar ido a hankali. A zare ƙashin wutsiya. A zuba gishiri. Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Abin da bai lissafa ba, hannunsa ba Baturen ya sani ba. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana fiɗar raguna a lokacin aikin Hajji. Yana ɗaukar wuƙa sai ya kwantar da ita ta gefen hagu, ya juya fuskarta alƙibla, ya yi bisimilla.

Na ce, "Da ka yi mata salla ma tukuna."

Bai kula ni ba. Ya tsaga ƙafar baya, ya kafa baki, ya hura iska har ta kumbura kamar salka. Na kau da kai na yi istigfari. Kafin in waiwayo ya datse ƙafafu huɗu daga gwiwa, ya cire kai, ya jera su a gefe kamar masu jiran babbaka. Aikinsa tsaf, ba huji ko ɗaya. Ya ɗaga fatar yana murmushi. A cikin wayar kuwa Baturen yana nuna tasa, da kunnuwanta da faratanta duk a jiki.

Ya dubi waya, ya dubi kan da ke gefe. Ya ce, "Ba komai, basiɗa, abu ne mai sauƙi. A ɗinke."

Aka shiga ɗinki. Kan bai fitar da ƙwaƙwalwar ciki ba, gishiri kawai ya barbaɗa ya shanya. Ga damshin Jidda, wanda ko rigar wanki sai ta ga dama take bushewa. Gashi ya soma zubewa. Ya farke matashin kan matarsa ya kwashe audugar, ya lanƙwasa ƙarfen rataye riga ya yi ƙafafu, ya haɗa wuya da zaren kamun kifi. Da ya zo kan idanu sai ga shi tsugune gabana.

"Kawu, ƙwaya biyu kacal daga carbinka. Baƙaƙe ne, daidai da ita."

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri. Kuma ka wanke bakin nan da sabulu kafin ka ƙara tsayawa kusa da ni a sahu."

Maɓallan abayar matarsa ya cire. Abin da ya tsaya a ƙarshe, ciki kamar akuya mai juna biyu, wuya a karkace, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Wari kuwa, maƙwabcinmu na ƙasa sai da ya hawo yana tambaya ko bututun masai ne ya fashe. Ɗan ƙanwata ya fesa mata turare, ya naɗe ta a bargo, ya sa a bayan motar kafili.

Da ya dawo bai yi sallama da ƙarfi ba. Matarsa ce ta tare shi a ƙofa.

"Yaya? Ya gani?"

"Ya gani."

"Me ya ce?"

"Ya toshe hanci, ya ce halas, wato shi ke nan, in kai motar wanki. Ya ce wanda ya yi wa matacciya haka, ba zai ba shi masu rai ba."

Ta juyo gare ni, ta ce, "Kawu, ka ɗan naɗe shimfiɗarka, zan shanya kayan yara a falo."