Sule Mai Gashi Bakwai da Dutsen Askarsa

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan Sule da sassafe ya san sautin nan: shiit, shiit, shiit. Yana zaune bakin zaure kan buzu, ɗan dutsensa a gwiwa, yana wasa aska, ya ɗaure fuska kamar mai yanke hukunci. Ku kuna jin nauyin faɗa tunda ya rasu, ni kuwa ba ruwana. Uwata ƙanwar ubansa ce, taubashina ne. Na zage shi yana raye, ba don ya mutu zan fasa ba.

Sule ba wanzami ba ne, ba kuma ɗan wanzami ba. Manomin gyaɗa da dawa ne kamar kowa a garin nan. To gemun da ake yi wa wannan hidimar fa? Gashi bakwai! Wallahi na ƙirga, ranar da barci ya kwashe shi a gindin darbejiya. Huɗu a haɓa, uku sun yi ƙaura can wajen kunne.

Dutsen nan a kasuwar Rimin Gado ya samo shi, wajen wani tsohon Babarbare. Tunkiya mai ciki ya bayar aka miƙo masa. Tunkiya fa! Wani ɗan siriri ne, launin toka, sumul kamar sabulu. Sai ya gama wasa askar a dutse mai kaushi tukuna ya dawo kan wannan, wai a nan ake gyara wa aska baki. Ruwan rijiya ba ya taɓa shi. Ruwan sama yake tara masa a kwalba, ya ɗiga sau uku. In ya gama sai gwaji: ya tsigo gashi ɗaya, ya ɗora a bakin askar ya ga ko zai rabu biyu. Da yake nasa ba su da yawan da za a yi asara, a jelar jakinsa yake tsigowa. Har jakin ya gane, da ya ji shiit ɗin nan ta tsaya sai ya koma bayan rumbu.

In ka yi masa dariya, amsarsa ɗaya ce: "Ku yanka kuka sani, ba ku san kaifi ba."

Kun tuna rigimarsa da matarsa Talatu? Ya tafi gona ya manta dutsen a kan taga. Baiwar Allah ta fito wanka, ta nemi dutsen goge ƙafarta ta rasa, ta ga wannan ta ɗauka. Da ya dawo ya tarar da shi a jiƙe yana ƙamshin sabulu, ihun da ya yi har gidanmu, muka fito a guje mun zaci gobara ce. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban Mai Unguwa, riƙe da dutsen a tafin hannu kamar an kashe masa ɗa.

Mai Unguwa ya ce, "Talatu, me ya kai ki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kaushi ne ya dame ni. Kuma ni ban ga abin faɗa ba, don ko kaushin bai cire ba. Dutsen banza ne."

Kai! Gogewar ba ta ƙona masa rai kamar kalmar nan ba. Ya miƙe ya ce: "A rubuta! Ta ce banza!" Mai Unguwa ya ce ba shi da biro. Kwana tara Sule bai ci tuwon Talatu ba, har an fara maganar ta tafi gidansu. A ina yake ci? A gidana! Rana ta tara na ajiye masa kwano a rufe. Ya buɗe, ya ga ba komai ciki sai dutsen goge ƙafata.

Na ce, "Ci wannan, tunda dutse ka fi so da mace."

Da magariba aka gan shi yana suɗe kwanon Talatu.

Sai ranar sunan jikana. Mutane sun taru, an yanka rago, wanzami shiru. Ashe babur ɗinsa ne ya mutu a hanyar Tofa. Rana tana ɗagawa, jariri ba a yi masa aski ba, dangin uwar yaro sun fara kallon juna. Na yafa mayafi na nufi Sule.

"Ara mana askarka."

"Wa zai riƙe?"

"Liman ya ce ya iya."

"Liman? Mutumin da ke yanka rago kamar yana faskare?"

"To zo ka yi da kanka."

"A'a. Gashin jariri maiƙo gare shi, yana kashe bakin aska."

Na ce, "Sule, shekara talatin kana wasa abin nan, ran nan guda aka nemi ya yi amfani!"

Ya ce, "Ai shi ya sa har yanzu yake da kaifi."

Da reza ta shago aka yi wa yaron aski. Sule kuwa ya zo ya share faranti biyu na waina, ya leƙa kan jaririn, ya girgiza kai, ya ce, "Kash, an ɓata wa yaro kai." Ba don an riƙe ni ba, da da ludayi zan bi shi.

Haka da ɗansa ya kai shi shagon aski a Rijiyar Zaki. Mai shago ya kunna inji, Sule ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, kaina na kawo, ba gona ba," ya mayar da hularsa ya fito.

Amma akwai abin da yawancinku ba ku sani ba. Da mijina Malam Idi ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya riƙe kansa, wanzamai suka riƙa gudun yi masa aski don kar su yanke shi. Wata Juma'a sai ga Sule ya yi sallama, ba wanda ya kira shi. Ya zauna ya jingina kan Idi a ƙirjinsa, ya zaro askar nan da ko jariri bai samu ba.

Ya ce, "Kauce, Hajara, kina tare mini haske."

Shekara biyu yana zuwa duk Juma'a, ko ana ruwa. Yana yi yana mita, wai gashin Idi kamar ƙaya, zai gama masa da aska. Idi ba ya iya magana, sai dai ya yi ta dariya da rabin baki. Ko ƙwarzane Sule bai taɓa yi masa ba. Ban taɓa gode masa ba, don da na fara zai ce in yi masa shiru.

Allah Ya jiƙan Sule, Ya yafe masa taurin kansa, Ya yafe mini bakina. Yadda ya tallafi kan ɗan'uwansa a hankali, Allah Ya karɓe shi a hankali. Amin.