Ranar da Na Tsayar da Inna Asabe a Zaure

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Inna Asabe, yayar mahaifina da ta riƙe ni tun daga yaye a Zandam, ta ƙasar Gwaram. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Kunya ce ta hana ni.

Inna tana da hawan jini. Duk wata takan shigo mota daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, inda nake koyarwa, a auna ta a asibiti, ta karɓi magani, ta yi mana kwana biyu. Da korona ta zo aka rufe gari, motoci suka tsaya, aka ɗage ranar ganin masu irin ciwonta, maganinta kuma ya ƙare.

Wata Laraba da hantsi sai ga ta a bayan babur, an biyo da ita ta hanyar gonaki, ƙafafunta a kumbure, tana tari. Tarin nan ya firgita ni. Na shimfiɗa mata tabarma a zaure, na hana yara fitowa, na ajiye mata kwanon abinci na ja da baya.

Ta dube ni ta ce, "Sani, ni ce cutar?"

Na ce, "Inna, doka ce."

"To, Allah ya yi maka albarka. Ka gaida min yaran."

Ban kai ta asibiti ba, don na ji ana raɗe-raɗin cewa duk mai tari killace shi ake yi har da iyalin gidan. Na sayo mata ƙwayoyi a kemis ba tare da awo ba, na mayar da ita kafin la'asar. Bayan mako biyu ɓarin jikinta ya shanye, ba ta ƙara tashi ba.

Na daɗe ina ɗora wa kullen korona alhakinta, har wani malamin asibiti ya ce min irin wannan tari da kumburi yawanci na zuciya ne, kuma sashen gaggawa bai taɓa rufewa ba. Laifi tudu ne. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni na shigo da tsoro gida, na kori kunyar.

Yau takunkumin fuska ya ɓace, tsofaffi sun koma layin awo suna hira. Da Inna tana nan, na san ba za ta tayar da zancen ba, sai dai ta tambayi ko na ci abinci.

A zaman makoki maƙwabciyarta ta dafa ni ta ce, "Ta ba mu labarin tarbar da ka yi mata, har kaza aka yanka." Na sunkuyar da kai, ban musa ba. Har yau mutanen Zandam da ni suke yi wa 'ya'yansu misali. Inna ba ta bar gona ko gida ba, rufin asirin nan ta bar min, kuma ya fi ƙarfin wuyana. Allah ya jiƙan ta, ni kuma ya yafe min.