Hular Malam Sabo a Kan Makunni

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Malam Sabo mai gyaran famfo, amma har yau in na bi ta Challawa na jiyo rurin injin jan ruwa ta bayan katanga, sai na rage tafiya. Shi ya ɓata ni da wannan ɗabi'a. Kuna tsaka da hira zai karkata kai ya ce ƙarfen boris da ke juyawa cikin famfo na uku ya fara kuka, ya tashi ya bar ka da magana a baki.

Garinmu ɗaya a Jigawa, tare muka yi kiwo. Da masaƙar da nake aiki a Bompai ta rufe, shi ya yi ta zarya har aka ɗauke ni aikin sito a kamfanin fata inda yake kula da famfunan da ke kai ruwa wurin jima. Ban san komai a kan inji ba, kuma bai taɓa gajiya da tsokanata ba. Cewa yake Habu bai san bambancin sifana da cokali ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga aikin yau. Famfo ya yi tari kaɗan, sai a kwance shi a sayo sabo. Na san zai ɓata rai, don shi mutum ne da zai wuni yana goge ƙarfe ɗaya da tsumma da giris har ya koma aiki. Amma abu guda zai yi murna da shi. Yanzu in mutum zai sa hannu cikin inji, kwaɗo yake ɗaurawa a makunnin wuta, ya jefa makullin a aljihu.

A zamaninmu babu kwaɗo, hula ce. Mai gyara zai kashe wuta, ya cire hularsa ya rataya a kan makunni. Duk wanda ya ga hula ya san akwai hannun mutum a cikin inji. Kowa a kamfanin ya san haka, ban da ni da nake sati na biyu.

Ranar na fito daga sito da hantsi, na ga hular Sabo a rataye, ga rana tana dukan mutane. Na ce bawan Allah ya manta hularsa. Na sauke ta, na kaɗe mata ƙura, na nufi wurinsa ina shirya tsokanar da zan rama. Ban kai ba mai kula da injin ya zo, ya duba bai ga hula ba, ya kunna. Yatsu biyu na hannun dama Sabo ya rasa.

A asibiti na durƙusa gaban gadonsa na faɗa masa ni na sauke hular. Ya ce, "Habu, ka yi shiru. Ni in na ce mantawa na yi ban rataya hula ba, faɗa kawai manaja zai yi, ba su da wani mai gyaran. Kai in ka buɗe baki, gobe kana gida, ga yara shida." Haka ya faɗa wa manaja, haka ya faɗa wa iyalinsa. Ya koyi riƙe sifana da hagu, ya ƙara shekara goma sha huɗu yana aiki, kuma ko da wasa bai taɓa yi mini gori ba. Na ƙaunaci mutumin nan, kuma na ji kunyarsa har ranar da muka kai shi makwanci.

Babban ɗansa Nura ya gaje shi, shi ne shugaban masu gyara a wani kamfanin abinci a Sharada. Watan jiya na leƙa gaishe shi, na tarar yana raba wa sababbin ma'aikata kwaɗo. Ya ba ni kujera, ya ci gaba da yi musu bayani. "Mahaifina gwani ne," in ji shi, "amma rana ɗaya ya yi sakaci bai sa alama ba, ya rasa yatsu. Ga Baba Habu nan, a gabansa aka yi." Duk suka juyo suna kallona. Na gyaɗa kai. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Sabo bai bar gida mai bene ba. Ya bar famfunan da har yau wasu ke juyawa, ya bar ɗa mai tsoron kada wani ya ji rauni a hannunsa, ya kuma bar yarana shida da suka yi karatu da albashin da ya kare mini. Shirun da ya nema don aikina ne, ni kuwa na daɗe da yin ritaya. Abin da ya saura tsorona ne kawai, kuma sunan Sabo ne ke ɓaci saboda shi.

Nura, ka ci gaba da raba kwaɗo, amma ka gyara labarin. Mahaifinka bai yi sakaci ba, ni na sauke alamar da hannuna. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo gida in faɗa wa mahaifiyarku da bakina, duk abin da ta ce na ɗauka. Allah ya jiƙan Sabo, ya sa ya huta.