Tanti Amsatu ta rasu ban nemi gafararta ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina shirin fita ofis ƙanwata ta kira ni: Tanti Amsatu ta rasu. Wai wata biyu ta yi a kwance a gidanta na unguwar Abena. Wata biyu, muna gari ɗaya, ban sani ba.

Yawancin waɗanda suka san ni a wajen aiki ba su taɓa jin sunanta ba. Laifina ne.

A ƙarshen shekarun casa'in, na gama lise, wato sakandare, ke nan, nake tara matan unguwar Boutalbagar masu sayar da busasshen kifi a zauren wata maƙwabciya ina koya musu karatu. Ko suna ƙungiyarmu ba ta da shi. Ita kuwa Tanti ita ke horar da matasan da ake zaɓa a wani shirin musaya, a tura su waje wata uku su ga yadda ƙungiyoyin jama'a ke aiki. Ta zo ta zauna a tabarma ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, kin iya magana, sai dai ba ki barin kowa ya yi. Za mu gyara."

Sau huɗu ta dawo mini da dosiyena na takardun neman shiga shirin, duk ya sha jan biro.

Da Baba ya ce 'yarsa ba za ta hau jirgi ita kaɗai ba, har gida ta same shi. Ta ce, "Alhaji, kakanninmu da ƙafa suka taso za su Makka har suka yada zango a nan. Ita Mariama a zaune za ta je, a zaune ta dawo." Baba ya yi dariya ya sa hannu.

Ranar tafiya rigar sanyinta ta ba ni.

Na dawo, na samu aiki a babbar ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, har da mota da direba. Wata rana baƙi suka zo daga Turai, Tanti na wurin taron. Faransancinta na kasuwa ne, tana cakuɗa shi da Larabci, sai na ji kunya. Da suka tambaye ni wace ce, na ce, "Wata ce da ke ɗan taimaka mana a unguwa."

Tana tsaye a gefena. Ta ji.

Ba ta taɓa tada maganar ba, ni ma na yi kamar ba a yi ba.

Rabona da ita tun bara. Ta zo ofishina da 'yan mata uku da suka samu shiga shirin, ta ce in ba su ko rabin awa ne. Na ce ina da mitin. Suka zauna a benci har aka kira azahar. Da na fito na ce su dawo Asabar.

Ta ce, "Babu komai 'yata, aiki ne. Kalas, shi ke nan, sai Asabar."

Asabar ɗin na yi tafiya. Ban kira ta ba. Kullum sai in ce gobe, har na daina cewa.

Ɗazu na dawo daga gidan gaisuwa. Na so in zauna can baya, amma babbar 'yarta ta hango ni, ta riƙe hannuna ta ce wa matan da ke wurin, "Ga Mariama. Duk sabbin da suka zo sai Mama ta ba su labarinta, ta ce ku yi kamar ita."

Wallahi ban iya ɗaga kai ba.

Allah ya gafarta wa Tanti Amsatu, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah ya sa ta yafe mini kafin ta tafi.