Wasiƙar da Kawu Garba ke jarraba mu da ita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Garba, wanda ya riƙe ajin yaƙi da jahilci a Matsinkai. Ina da 'ya'ya huɗu sa'ad da na fara zama gabansa bayan la'asar, ya miƙa mini fensir. Bana na tuna da shi fiye da kullum, kuma da ɓacin rai nake wannan rubutu.

Jarrabawar Kawu guda ce. Idan ya ga ka ƙosa, sai ya tura ka wurin tsohuwar da ke da saƙo, ka rubuta mata wasiƙa. Ni wurin Inna Jumma ya tura ni, na rubuta wa ɗanta da ke ɗinki a Dole Kaina cewa ya aiko da maganin ido, kuma ya zo kafin girbi. Mako uku ina jira. Da amsa ta dawo da maganin a ƙulle, Kawu ya ce, "To, an gane ka. Ka ci." Da takalmi aka aiko, da na koma baƙi da wasali.

Ya rasu bai ba kowa takardar shaida ba. Bara ƙungiyarmu ta manoman shinkafa ta ce sai mai takarda zai zama sakatare, aikin da na daɗe ina yi ba suna. Sai na koma aji a Bagudo, na zauna wata tara ban yi fashi ba.

Ranar jarrabawa aka ba mu takarda mai 'yan da'irori, aka ce a cike da fensir. Na ga bai dace babban mutum ya amsa tambaya da ɗigo ba, don haka na rubuta kowace amsa cikakkiya a gefe, yadda Kawu ya koya mini. Ashe na'ura ce ke dubawa, ita kuwa ba ta karanta rubutun hannu. Na faɗi.

Da aka manna sakamako a bango, maƙwabcina Sani ya jawo rigata. "Baba, duba mini, wanga sunana na?" Sunansa ne, kuma ya ci. Shi ya gaya mini da bakinsa cewa canke ya yi ta yi har ƙasa.

Na san ɗalibai sun yi yawa, ba malamin da zai jira amsa daga Dole Kaina don kowa. Kuma Kawu kansa yakan sassauta wa wanda yake so. Amma a duk ofishin masu shirya jarrabawar an rasa mutum ɗaya da zai ɗaga takardata ya duba? Wace irin jarrabawar karatu ce ke kayar da wanda ya rubuta, ta ɗaga wanda ba ya iya gano sunansa? Da Kawu na raye, na san da sandarsa zai isa ofishin.

Sani aka naɗa sakatare. Ban yi masa hassada ba, yaron kirki ne. Duk takardar da ta zo daga ƙaramar hukuma, kafin taro yakan yi sallama a zaurena, ya zauna a bakin tabarma, in karanta masa sau biyu har ya haddace. Makon jiya ya ce, "Baba, ko ka fara koya mini?" Na miƙa masa fensir. Allah ya jiƙan Kawu Garba.